Ƙauyen da na ƙona da maki biyu

Bakans ɗin bara wani abokina da ke karatu a Faransa ya zo Yamai da wani kwali. Cikinsa ƴan sojoji ne na roba, kowane bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an shafa musu fenti har igiyar takalmi kana gani. Muka fito da tebur a fada, ya shimfiɗa koren ƙyalle, ya dasa itatuwan roba suka zama ƙurmi, ya jera bukkoki biyar a bakin wani shuɗin zare, wai rafi ne. Ya ce, "Nan Biyetnam ce, 1968. Kai ne Amurka."

Wasan ba shi da wuya. Da mitar awo kake auna inda sojanka zai kai da inda harsashinsa zai isa, sai ka jefa ɗan ludo. In ya ba da biyar ko shida ka samu mutum, a ɗauke shi daga tebur. Ni ina da jirgi mai saukar ungulu da igwa, shi kuma mutanensa ɓoye suke, ba na ganinsu sai sun yi harbi. Wani a fadar ya ce wannan ai gumaka ne da caca. Muka yi ta gardama har shayi na biyu ya huce, amma ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Ana cikin wasa aka harbe mini mutum uku daga wajen bukkokin. A ƙa'idar wasan, in ka buga igwa kan ƙauye ana cire maka maki biyu saboda farar hula. In ka shiga da ƙafa kuwa, kana iya asarar soja shida, kowane maki ɗaya. Wallahi ko minti ɗaya ban yi ba na gama lissafi. Na buga igwar, na ci wasan, aka tafa mini.

Sai da na kwanta abin ya dawo mini. Ba ni da ƙiyayyar kowa a Biyetnam, ko ɗan ƙasar ban taɓa gani ba. Biyu dai ta fi shida arha, shi ke nan. A wannan shekarar ta 1968, ran 16 ga Maris, sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan mutanen ƙauyen My Lai, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Da can in na karanta irin wannan sai in ce dodanni ne suka yi. Ba na cewa igwata ta roba daidai take da wancan ta'asa, Allah ya kiyaye. Amma na ga ƙofar da ake bi a kai can, kuma na ga ba a kulle take ba a wajena.

To laifi ne a yi wasa da yaƙin da mutane suka mutu a cikinsa da gaske? Abokina ya ce a'a, ai a dara ma "ci" muke yi, ba wanda ya yi kuka. Na ce masa ɗan dara kara ne ko dutse, ba shi da fuska, ba shi da shekara. Nan kuwa an sa sunan ƙasa, an zana hular mutum. Ya ce to ai saboda haka ne yake koyarwa. Yana da hujja: tun 1824 hafsoshin Furushiya, a Jamus ta yau, suke koyon yaƙi da irin wannan wasa a kan taswira. Marubucin Ingila H. G. Wells ma da ya fitar da littafin ƙa'idojin wasan sojojin darma a 1913, fatansa shi ne wanda ya buga zai gane wautar yaƙi na gaske. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke.

Kuma nisan da muke jin ya ba mu izini, ba wani nisa ba ne. Kafin Amurka, Faransa ce ta yi yaƙi a wannan ƙurmin har ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954, da mazan jiya na ƙasashenmu a cikin rundunarta. Seyni Kountché kansa ya yi soja a Indoshin. Na tambayi abokina, in wani a can Turai ya shimfiɗa ƙyalle mai launin rairayi ya ce nan Inates ce, Disamban 2019, inda aka kashe mana soja 71, ya jefa ɗan ludo yana shan kofi, ya za ka ji? Ya yi shiru, sannan ya ce ƙila akwai masu yi ma.

Ban daina wasan ba, kada in yi muku ƙarya, yana da daɗi. Mun dai canza abu ɗaya. Muka yanka ƴan takardu ashirin, muka sa su cikin bukkokin, kowace da rubutu: tsohuwa, yaro mai kiwon agwagi, mace mai ciki. Duk wanda ya buga igwa, shi zai ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana karantawa da ƙarfi. Makin bai canza ba, biyu ne har yanzu. A wasa na gaba ni aka ba mutanen ƙurmi, kuma cikin bukkokin nan na ɓoye su, don na san yanzu abokina zai yi jinkiri kafin ya harba.