Fasali a kan bai wa yaro jari tun yana ƙarami

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ko kana zauren karatu ko kana rumfar kasuwa, ga mas'ala: shin ya dace uba ya danƙa wa ɗansa kuɗin da ya san suna iya salwanta a hannunsa?

Ka sani, cikin Suratun Nisa'i an hana miƙa dukiya ga wawaye, sa'an nan aya ta biye ta yi umurni a jarraba marayu kafin a ba su abin da suka gada. Malamanmu na Malikiyya sun ce rushudi shi ne iya tsare dukiya da kyautata juya ta. To, da me za a jarraba wanda bai taɓa mallakar ko kwabo ba?

Mu a nan Dingyadi mukan aiki yaro kasuwar Bodinga da albasa, mu yanke masa farashi, ya dawo ya zube ciniki gabanmu. Amana ce muka koya masa, kuma madalla da ita, amma fatauci bai shiga kansa ba. Ranar da uba ya kau, gado ya faɗo hannun wanda bai san uwar kuɗi daban take da riba ba, sai ya cinye su tare.

Abin da na gani daidai, ka ware masa kwando ɗaya ya zama nasa. Shi zai biya mota da ɗan dako da la'adar dillali, ya fid da wadda ta ruɓe, sa'an nan ya ƙirga saura. In ya ba da bashi ya rubuta, domin aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. Almajiri kuwa ba ya rasa tawada.

Kada ka tsaya ga asusu kaɗai. Mun ga farkon 2023, bayan sauya takardun naira, masu tulin tsofaffin kuɗi suna rige-rigen rabuwa da su. Cikin Mayu aka janye tallafin fetur, kaya suka yi tsada, abin da aka ɓoye ya rage daraja. Gara ya sayi 'yar akuya ya kiwata.

In ya faɗi, kuma zai faɗi, kada ka doke shi, kada ka cika masa giɓin a ranar. Zauna da shi bayan isha'i, ku bi lissafin tun daga kuɗin mota, har shi da bakinsa ya faɗi inda suka zurare.