Kifin da aka saki: tausayi ne ko wasa da rai?

A kudancin Ingila, cikin lardin Hampshire, akwai wani kogi mai suna Test, wanda tsawonsa ya kai kilomita 64. Ruwansa yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin duwatsun alli, garau, har ana hangen kifi kwance a gindin ciyawa. Tun shekarar 1822 aka kafa ƙungiyar masu fatsa ta Houghton a bakinsa, don kamun kifin nan da Faransawa ke kira truite.

Fatsarsu ba ta ƙoto ba ce. Da gashin tsuntsu da zare ake ɗaura wa ƙugiya siffar ƙwaro, a jefa a hankali ta yi iyo bisa ruwa. Frederic Halford, wanda littafinsa na farko ya fito a 1886, shi ya tsaurara ƙa'idar: sai an ga kifi ya taso yana cin ƙwari za a jefa masa, kuma ta wajen da ruwa ke gangarowa. Ma'ana, mutum ya ƙuntata wa kansa da gangan don kada nasara ta zo da arha. A yau, a wurare da yawa na kogin, kifin da aka haifa cikin ruwan ba a kai shi tukunya: cire masa ƙugiya ake yi a sake shi.

To, wannan sakin tausayi ne? Masu yin sa suna da hujja. Kifin da ya koma ruwa zai yi ƙwai, kogin kuma ba zai ƙare ba. Sai dai a 2003 binciken Lynne Sneddon ya nuna cewa a leɓe da kan dangin wannan kifi akwai jijiyoyin da ke ɗaukar alamar rauni, ko da yake masana suna gardama kan yadda yake jin zafin. A 2008 kuwa ƙasar Suwis ta hana yin fatsa da niyyar sakin abin da aka kama. A ganinta, mai kamawa don ya ci yana da uzuri, mai kamawa don nishaɗi kawai ba ya da shi.

Gaskiyar magana ita ce, alherin sakin kifi kogin ake yi wa, da waɗanda za su gaje shi. Shi wanda ƙugiya ta huda bai san da wani alheri ba. Kame kai daga haɗama abin yabo ne, amma sunansa tattali, ba rahama ba. Mai fatsar da ya yarda da haka zai gaggauta janyo kifin, ya jiƙa hannu kafin ya taɓa shi, ya kuma san lokacin da ya kamata ya naɗe zarensa ya koma gida.