Raka'a Biyu a Shagamu

Yayana ne mai fataucin goro a gidanmu, ni noma na sani sai ɗan karatun zaure. A shekarar da ƙafarsa ta kumbura ya kasa zaman mota, muna gama yankan dawa ya kira ni, ya ƙirga mini kuɗi, ya ce in tafi Shagamu wajen Baffa in sayo huhu shida, in kwana uku in juyo. Ban taɓa haye Kwara ba sai a wannan tafiya. Daga Mainika na fita titin Gwarzo, na bi ta Rimin Gado na shiga Kano, daga can sai Zariya, Kaduna, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Badun. Sanyin hunturu na baro a gida, amma kafin mu isa riga ta manne mini a baya saboda gumi.

Hukuncin ƙasaru na san shi tun ina saurayi, sai dai sani ne irin na wanda ya haddace iyo a tudu. A Risala muka karanta cewa tafiya in ta kai baridi huɗu, wato mil 48, abin da malaman yanzu ke ƙiyastawa da kilomita 80 ko sama kaɗan, Azahar da La'asar da Lisha sai su koma raka'a bibbiyu. Mutum zai fara da zarar ya wuce gidajen ƙarshe na garinsu. Idan kuma ya isa wani wuri ya ƙudurta zaman kwana huɗu, abin da zai ci salloli ashirin, to ya tashi daga matafiyi, sai ya cika. Ni kwana uku aka ce mini. Lissafi ya fita ke nan.

Baffa yana unguwar Sabo, inda Hausawan garin suke. Tun daga bakin layi warin ɗanyen goro ke tarar mutum, wani wari mai ɗan tsami kamar na jiƙaƙƙen ɓawo. Matan Yarbawa ne ke kawo shi daga ƙauyuka a kwanduna, an riga an ɓare an wanke. Sai a baje shi a tabarma, 'yan tsinta su zauna su ware fari da ja, marsa gefe, minu gefe. Na ga wani dattijo yana juya goro ɗaya-ɗaya tsakanin yatsu, bai ma cika kallo ba, da ya ji wani ɗan gurbi sai ya jefa shi bayansa, sankara ce, kuma ƙwaya guda ta isa ta lalata huhu kafin a kai kasuwar Mariri. Daga nan masu ɗauri su shimfiɗa ganyen fita, su jera, su ƙara ganye, su ɗaure tamau. Baffa shi ne maigida: ya sauki baƙo, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce shi in kuɗi sun gaza, ya karɓi la'adarsa. Irin aikin da fatoma ke yi wa ayari tun zamanin da ake tafiya Gwanja a ƙasa da jakuna, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kafin kuma Yarbawa su dasa irin goron a gonakinsu. Har yau da sunan Gwanja suke kiransa, gbanja.

Kwana uku suka cika ban sayi komai ba. Goro ya yi tsada, Baffa ya ce in dakata. Da muka saya aka ɗaure, sai mota ta zama aiki. Direban da aka haɗa ni da shi lodi yake jira ya cika, kullum maganarsa jibi. Idan na sami jam'i a masallacin layi ina bin liman in cika huɗu, haka hukuncin yake. Amma in ta wuce ni, sai in shimfiɗa buzu a shagon Baffa in yi biyu in sallame, zuciyata wasai. Ina da hujja ma: an ruwaito Abdullahi ɗan Umar ya yi wata shida a Azarbaijan yana ƙasaru, ƙanƙara ta tare hanya, kullum yana sa ran tafiya.

A rana ta biyar Baffa ya faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Ɗan nan, kada ka biye wa direba. Motar nan ba ta tashi sai bayan Juma'a ta sama." Kwana shida ke nan nan gaba. Na ji shi sarai, na kuma san ya fi direban gaskiya. Amma da La'asar ta wuce ni a ranar, biyu na yi.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa. Ba nauyin raka'a biyu ba ne, mutumin da ke wuni a duƙe da fartanya ba zai ji nauyin ruku'u ba. Daɗin baƙunci ne ya kama ni. An yi gayyar yashe kwatar layi, aka ce in zauna, baƙo ne. An zagayo da kwanon taimakon rufin masallaci, aka tsallake ni. Na ci tuwon amala da miyar lalo har na saba, ɗan Baffa ya goya ni a babur ya kai ni na ga fadar Akarigbo, sarkin ƙasar Remo, muka zaga gari har wajen masana'antar siminti. Ba mai bina bashin komai a garin, ni ma ba na jin akwai abin da ya rataya a wuyana. Littattafanmu sun ware mai tafiyar saɓo, sun ce ba ƙasaru gare shi, sun kuma karhanta ta ga mai tafiyar shagala. Ni da fatauci na fito, amma a waɗannan kwanaki ban san a wane layi zan sa kaina ba. Abin da na sani shi ne, ranar da na ɗaura niyyar huɗu, na amsa cewa ina nan ke nan, kuma wanda yake nan ana ba shi shebur.

Wannan ne ya sa na fara kallon Baffa da wani ido. A 1973 ya bar Mainika, shekarar fari, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira. Cin rani ya ce zai je, ya dawo kafin shuka. Ya auri Iya, Bayarbiya 'yar ƙasar, suka haifi bakwai. In ciniki ya yi zafi Yarbanci ke fita daga bakinsa kafin Hausa. Amma ba a yin hira da shi ta rabin sa'a bai ce "mu nan baƙi ne" ba, ko "in na koma gida". Ni ina cewa jibi, shi yana cewa baɗi, ya fi shekara arba'in yana faɗa.

Wani dare muna zaune a ƙofar shago na ce masa, "Baffa, in dai ku baƙi ne, me ya hana ku ƙasaru?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai, karatu ya yi maka yawa. Sallah daban, zaman duniya daban."

Ban yi masa musu ba, ƙanen mahaifina ne. Amma ban yarda ba, har yau ban yarda ba.

Akwai wani tsohon malami Bakatsine da ke karantar da Muhtasar bayan Magariba a masallacin. Na kai masa tawa matsalar. Bai ja ta da nisa ba, ya ce tunda na samu tabbacin kwana huɗu, cikawa ta kama ni, fatar baki ba ta canja abin da zuciya ta riga ta sani. Sannan ya ƙara mini abin da ban tambaya ba. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyi ko wucewa yake yi, idan ya shiga garin da yake da matar da ta tare, tafiyarsa ta yanke, sai ya cika, ko da dare ɗaya zai yi. Ya ce Hanafawa kwana 15 suka sa maimakon huɗu, amma kowa dai ya sa iyaka ko ya sa alama.

Na kwanta ina juya wannan magana. Shari'a ba ta tambayi inda aka binne cibiyarka ba. Ta tambayi kwana nawa za ka yi, ta tambayi ina iyalinka suke. Ma'auni ne mai sauƙi, har yana kama da rashin tausayi ga mai begen gida, amma ni ina ganin ya fi namu adalci. Mu kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, sai mutum ya rungumi zama raɓa har tsufa, rana ta fito ta faɗi sau dubu goma bai bushe ba. Kuma kalmar tana da amfani, shi ya sa ba a son sakinta. Mai cewa shi baƙo ne ba ya shuka bishiya, ba ya zuwa taron makarantar 'ya'yansa, in unguwa ta lalace ya ce ai ba tamu ba ce. Na gane haka ne don na ɗanɗana na kwana goma sha ɗaya.

Sai dai zan zalunci Baffa in na tsaya nan. Ba shi kaɗai ya naɗa wa kansa rawanin baƙunci ba. A watan Yulin 1999 rikici ya ɓarke a Shagamu lokacin bikin Oro, wanda a cikinsa ake hana mata fita da dare. An ce wata Bahaushiya ta fita, aka kashe ta, gari ya kama da wuta, aka rasa rayuka da yawa, aka ƙone gidaje da shaguna a Sabo. 'Yan kwanaki kaɗan aka yi ramuwa a Kano kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ina tuna daren da motar kaya ta sauke Iya da yara a Mainika, ko takalmi wasunsu ba su da shi. Bayan wannan ne Baffa ya gina ciki da falo a bayan gidanmu, ya ce gida biyu maganin gobara. Wanda aka taɓa kora da dare, ba ka da bakin ce masa ya saki jiki. Ga kuma takardar shaidar asali: 'ya'yansa da aka haifa a Sabo, in za su nemi makaranta ko aikin gwamnati, sai sun yi tafiyar kusan kilomita dubu zuwa Gwarzo, garin da wasunsu ba su san hanyar kasuwarsa ba. Watannin da suka yi a wajenmu kuwa, 'yan Kurmi yara ke kiransu, suna kwaikwayon Hausarsu.

Mu ma da muke jin zafin abin, haka muke yi. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari da kafuwa, akwai waɗanda kakanninsu a nan aka haife su, amma har gobe baƙi muke ce musu. Mai sayar mini da kayan gyaran injin ban ruwa Ibo ne, ya riga ni sanin farashin taki kowace shekara, ya zo ta'aziyyar mahaifiyata, kuma ban taɓa lissafa shi cikin mutanen gari ba sai da na dawo daga Shagamu abin ya dame ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asalin kwana huɗun nan. Malamai sun ciro shi ne daga izinin da aka ba Muhajirai: idan sun gama aikin Hajji, kwana uku kawai za su ƙara a Makka. Garinsu ne fa, ga gidajen iyayensu suna kallo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shekara 53 ya yi a Makka, amma da ya dawo ya buɗe ta a shekara ta 8 bayan Hijira, Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa kwana 19 ya yi yana sallah raka'a biyu. Shekara takwas a Madina sun mayar da ita gida, garin haihuwa ya zama masauki. Ba don ya daina son Makka ba, kowa ya san yadda yake sonta. So bai hana shi yin sallar gaskiyar inda yake zaune ba. Mu kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, muna faɗa kamar zagi ko gargaɗi. Ban ga inda addini ya ɗauke shi abin kunya ba.

Sallolin da na taƙaita tun daga rana ta biyar na rama su a Shagamu kafin mota ta tashi. Goro ya isa Mariri lafiya, huhu ɗaya ne kawai ya ɗan yi zafi. Yayana ya ce ba laifi, amma bai sake aikena ba.

Bara Baffa ya zo ɗaurin auren 'yar yayana. Kwana uku ya ce zai yi. Duk zuwan da yake yi a baya jam'i ke rufa masa asiri, yana bin liman ya cika tare da kowa, ba mai sanin abin da ke ransa. Wannan karon gwiwa ta matsa masa, ranar Asabar bai iya fita Azahar ba. Ɗakin da ya gina buhunan dawa ne a ciki har rufi, don haka a zauren gidanmu aka shimfiɗa masa darduma, zauren da aka raɗa masa suna. Na dawo daga masallaci na same shi ya tayar da kabbara, sai na zauna a dakali ina jira, kuma Allah ya sani ina ƙirgawa. Ya yi ta farko, ya yi ta biyu, ya zauna tahiya. Ya daɗe a zaune, har na ɗauka gwiwar ce ta hana shi miƙewa, na yunƙura zan kama shi.

Sai ya yi sallama.

Ya shafa addu'a, ya juyo ya gan ni. Bai ce komai a kai ba, ni ma ban ce ba. Ya laluba aljihu ya ciro goro fari, ya ɓantara ya miƙo mini rabi, ya tambaye ni ƙarfe nawa motar farko ke tashi zuwa Kano, don Iya ta bugo waya tun safe, wai baƙi sun sauka ba mai tsaya musu a ciniki.