Kwana 30, Waƙa 30: Shin Cika Alkawari Kaɗai Ya Wadatar?



Jiya bayan sallar isha'i na rubuta waƙa ta 30. Masu bibiya sun san na ɗauki alkawarin rubuta waƙa ɗaya kullum har wata guda, ko da baiti biyar ne. Alhamdu lillahi, ban tsallake rana ko ɗaya ba. Na ga saƙonninku, Allah ya saka da alheri. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, gara in faɗe shi da bakina.

A dare na 19 na dawo gida a gajiye: jana'iza da rana, sulhun ma'aurata bayan magariba. Kaina fayau, babu abin rubutawa. To amma duk wanda ya karanci aruli, ilmin ma'aunin waƙa da Khalil bin Ahmad ya tsara, ya san cewa idan kari ya zauna maka a kunne, za ka iya zuba masa kalmomi kamar mai buga bulo. Haka na yi. Na rubuta baitoci a kan tsayuwar dare da hawaye a kan darduma, amsa-amo ya faɗa daidai, na saki waƙar, na kwanta. Wallahi kiran ladan ne ya tashe ni.

Bayan asuba wani dattijo ɗan sahun farko ya riƙe hannuna ya ce, "Liman, jikana ya karanta mini waƙarka ta jiya. Allah ya ba mu irin darenku." Na ce amin, amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Nan na tuna ƙarshen Suratus Shu'ara'i, aya ta 224 zuwa 227. Cikin abin da aka zargi mawaƙa da shi har da faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan aka keɓe masu imani da aiki na ƙwarai. Ke nan waƙar kanta ba laifi ba ce. Hassan bin Sabit, Ka'ab bin Malik da Abdullahi bin Rawaha sun kare Musulunci da ita, Nana Asma'u ta karantar da mata da ita. Matsalar tana ga tazarar da ke tsakanin baki da zuciya.

Wani zai ce, "Haba Malam, ai mawaƙi ba mai ba da shaida a kotu ba ne, yana iya siffanta halin da yake fatan kaiwa." Gaskiya ne. Sai dai ni na san abin da ya zaunar da ni a daren nan. Ba kwaɗayin tsayuwar dare ba ne, tsoro ne kada a ce liman ya kasa. Kuma mutane ba sa karanta waƙar liman a matsayin fata, a matsayin halinsa suke ɗaukarta.

Hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim ya nuna falalar aikin da aka lizimta ko da kaɗan ne. Na ga albarkar hakan: wasu baitocin da na fi yarda da su sun zo ne a ranakun da ba na son ɗaukar alƙalami. Amma lizimtar aiki ba ta gyara niyya. Ana iya cika kwana 30 cif saboda idon jama'a. An ruwaito cewa Zuhair bin Abi Sulma kan shekara yana gyaran ƙasida ɗaya. Shi kalmomi yake tacewa. Mu ko daƙiƙa ɗaya muna ba niyyarmu kafin mu saki rubutu?

Bayan kwana biyu na samu dattijon na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya ya ce, "To Liman, ai sai ka tashi yau, waƙar ta zama gaskiya."

Wannan alkawarin ya fi na farko wuya, kuma babu mai ƙirga mini shi sai Allah. Allah ya tsare mu daga riya, ya sa ayyukanmu su riga maganganunmu. Amin.