Zaɓin da aka ɗora wa tsofaffi

Kowace shekara, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, tsofaffi a Amurka kan jera kwalaben magungunansu a kan teburi, su yi ta laluben inshorar da za ta biya musu kuɗin magani a baɗi. Shirin, mai suna Medicare Part D, ya fara aiki a 2006, bayan dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2003. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayar da shi, kowanne da jerin magungunan da ya yarda zai biya, kuma jerin kan canza daga shekara zuwa shekara.

Masu kare tsarin suna cewa zaɓi 'yanci ne. To amma wane irin adalci ne a ce tsohuwa mai shekara 80, wadda gani ya fara yi mata rauni, ta hango cutar da za ta kama ta nan gaba? Hawan jinin da take fama da shi yau kaɗai ta sani, gobe kuwa ta Allah ce. In ta yi jinkirin shiga ba tare da wata inshorar ba, ana ƙara mata tarar kashi 1 cikin ɗari kan kowane watan jinkiri, kuma tarar takan bi ta muddin tana cikin shirin.

Wata doka ta 2022 ta rage raɗaɗin: insulin ba ya wuce dala 35 a wata, kuma a 2025 abin da mutum ke fitarwa daga aljihunsa bai wuce dala 2,000 ba. Kwatanta tsare-tsaren kuwa har yanzu yana wuyan tsofaffin, ko 'ya'yansu, ga masu 'ya'ya a kusa.