Shin Tsoro Aibi Ne A Ciniki?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, tambayar da zan gabatar muku a wannan fitowa daga Kasuwar Sabon Gari ta biyo ni har ɗaki, ta kuma hana ni barci dare biyu.

A hutun da ya wuce na kwashe ɗan abin da na tara na wata 8 na sayi risiba, watau akwatin nan da ke karɓar sauti ya ƙara masa ƙarfi, sa'an nan ya rarraba wa lasifikoki 5 da wufa, har falo ya koma tamkar silima. Ta hannu ce, 'yar Amurka, mai cin wuta 120, alhali tamu 230 ce, saboda haka sai da na haɗa mata taransifoma. Mai shagon, wani dattijo abokin mahaifina, ya ce mini, "Ɗana, je ka gwada kwana 7. In ka ga matsala ka dawo da ita."

Kwana 4 tana aiki lafiya lau, in banda ɗan zafi da take yi, wanda kowace risiba ke yi. Ran na biyar karambani ya kai ni intanet. Can na karanta yadda a 2014 kamfanin Onkyo na Japan ya amsa cewa waɗansu risibobinsa na 2009 zuwa 2012 sukan daina ba da sauti saboda lahanin wani ɗan sashe a cikinsu, har ya tsawaita gyara kyauta zuwa ƙarshen 2018. Tawa ba ta wannan kamfani ba ce, amma sai gabana ya faɗi. Ashe akwai cutar da kan kwanta shekaru kafin ta bayyana! To, me kwana 7 zai nuna mini, ga zafin Kano, ga ƙura, ga wuta mai zuwa yadda ta ga dama?

Abokin ɗakina ya ce abin mai sauƙi ne: in ce wa Alhaji ta ɗauke sau biyu. Nan fa maganar ta tashi daga ta na'ura ta koma ta hali.

Malamanmu na fiƙihu sun ba mai saye zaɓi in ya tarar da aibin da ya riga ciniki, sun kuma halatta a yanka ɗan wa'adi na gwaji, kamar yadda ya zo a Risala. Da Alhaji ya ba ni zaɓi sake, babu ƙaidi, da ba sai na kawo dalili ba. Amma cewa ya yi in na ga matsala, ni kuwa ban gani ba, tsoro kurum na ji. Haƙiƙa tsoron yana da tushe, gama rigakafi ya fi magani, kuma kayan hannu ba su da garanti. Duk da haka aibi a jikin kaya yake, tsoro kuwa a zuciyata. In na laƙa wa risiba ciwon da ba ta da shi, Alhaji zai biya mai gyara ya nemi abin da babu, ko ya karya kuɗinta, ko kuwa ya ɓoye wa mai saye na gaba maganar da ya ɗauka gaskiya ce. Kun ga ƙaryata ta haifi asara, wataƙila har ta sa dattijo ha'inci.

Sai na tuna akwai ƙofa ta uku, wadda malamai ke kira iƙala: mai saye ya roƙi a warware ciniki, mai kaya ya yarda don alheri, ba don dole ba. Wuyarta ɗaya, yana iya ƙi.

Ran na shida na same shi, na gaisa, na ce, "Baba, kayanka lafiya suke, ni ne na tsorata." Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce in na ajiye zai rage ladan yaron da ya kai mini ita gida, in kuwa na riƙe, gyaran wata 3 a wuyansa.

Na riƙe. Na ɗaga ta daga cikin kabad, na sa mata 'yar fanka a baya. Yau saura kwana 19 wa'adin ya cika, kuma har yanzu nakan taɓa bayanta kafin in kwanta.