Mai Kwando da Mai Asuta

Kowa ya bi hanyar Daura zuwa Zango ko Mai'aduwa da kaka, bayan an yanke gero, ba zai rasa ganin yara a bakin masussuka suna ɗana wa tsuntsaye ba. Wani kwando ya ke kifawa, ya tokare bakinsa da ɗan kara, ya ɗaura zare, ya watsa tsaba a ƙarƙashi, sa'an nan ya koma bayan kargo ya laɓe. Wani kuwa asuta ya ke yi. Ya samo izgar doki, abin da ba ya wuya a garin da a ke hawan Salla, ya ƙulla ta zarge-zarge, ya jera jikin igiya, ya binne igiyar cikin rairayi. Kafin ya tashi sai ya sa ɗan yatsa ya gwada, ya ga ko zargen na tsukewa. Fasaha kam, ba mai musun akwai ta. Abin tambaya shi ne, shin wannan aiki yana da laifi ko ba shi da shi?

Malamanmu ba su bar mu cikin duhu ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda almajirai su ke karantawa a zaurukan Daura kamar sauran ƙasar Hausa, an karhanta farauta don wasa, an halatta ta don bukata. An kuma bayyana cewa abin da tarko ya kashe ba a cinsa, sai wanda aka iske da rai aka yanka. To, mai karatu, dubi wannan hukunci na biyu da kyau, gama shi ne ya raba yaran nan biyu. Mai kwando idonsa na kan abin da zai kama. In kurciya ce ya fizge zare, in wani abu ne da ba ya so ya ƙyale shi ya ci tsaba ya tashi. Asuta kuwa makauniya ce, kuma ba ta barci. Yaro ya ɗana ta da hantsi, a aike shi kasuwa, ya shagala. Ɗan bardo ya faɗa, ya yi ta fiffika cikin rana da ƙafa a shaƙe, cinnaka na cinsa, har la'asar. Yaro ya komo ya tarad da mushe. Bai sami nama ba, bai tsare gona ba, rai kuwa ya salwanta. A ganina laifin yana tsakanin ɗanawa da komowa, watau ga wanda ya haƙa ya juya baya.

Manomi zai ce, "Malam, ba ka taɓa kwana tsaron gero ba." Yana da gaskiyarsa. Wanda ya ga jan-baki sun sauka a gona kamar hadari, sun bar zangarniya fayau, ba ya son a yi masa wa'azin tausayin tsuntsu. Amma jan-baki ya fi ƙarfin izgar doki, shi ya sa hukuma ta ke tayad da jirgin sama a yi musu feshi a makwancinsu. Abin da asuta ta fi kamawa su ne marasa ɓarna, irin su baiwar Allah da ke shiga har tsakar gida tana tsintar tsaki. Ko masu cin hatsin ma, da yawansu da ƙwari su ke ciyad da 'ya'yansu. Mutanen Sin sun gwada wannan lissafi a 1958, suka yi gangami a kan gwara don ta ci musu hatsi. Da ta kusa ƙarewa sai fara da sauran ƙwari suka sami sake, har a 1960 hukuma ta janye sunanta daga cikin abokan gaba.

Saura mai kama kanari ya sa a keji don kukansa. Ban ga abin zargi ba, muddin ruwa da abinci ba su yanke ba. An ruwaito cewa Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsu da ya ke wasa da shi, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai hana shi ba, har ma ya tambaye shi labarinsa da ya gan shi cikin baƙin ciki. An kuma ruwaito labarin matar da ta ɗaure kyanwa har yunwa ta kashe ta, aka yi mata azaba dominta. Keji ɗaya ne, mai kejin ne ya bambanta.

Inda na ke ganin manya suna da sakaci shi ne damina. Lokacin ne yawancin ƙananan tsuntsaye su ke saƙa sheƙa, wanda ya kama uwa ɗaya ya kashe uku ko huɗu da bai gani ba. Abu Dawuda ya kawo cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu a wata tafiya, ta zo tana shawagi a kansu, Annabi ya umurce su su mayar mata. Yaro ɗan shekara 8 ba zai san wannan da kansa ba. Wansa da ya koya masa ƙullin zarge, da baban da ya bar shi ya tsinki izga a barga, su ya kamata su gaya masa ya naɗe asutarsa ya rataye a rumbu tun ruwan shuka, sai gero ya shiga masussuka.